Aloma Mukhtar da Kekere-Ekun: mata biyu, kujera ɗaya

Malama, kin ce gardama ta kaure tsakaninki da ƙanenki. Shi ya dage cewa Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun ce mace ta farko da ta zama Alƙalin Alƙalan Najeriya, ke kuwa kina tuna wata 'yar Arewa kafin ita, kuma kina so a jera su a ga wadda ta fi. To, ke ce da gaskiya. Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar ce ta farko, Shugaba Goodluck Jonathan ya rantsar da ita ranar 16 ga Yulin 2012. Kekere-Ekun ita ce ta biyu: ta fara da riƙon ƙwarya ranar 23 ga Agustan 2024, aka tabbatar mata da kujerar ranar 30 ga Satumba, bayan Majalisar Dattawa ta amince. Wannan mai sauƙi ne. Batun wadda ta fi kuwa, sai mun ɗan zauna.

Abin dariya, 'yar Arewar a Legas aka haife ta, a 1944, ita kuwa 'yar Legas ɗin a Landan aka haife ta, a 1958. Aloma ta yi ƙuruciyar karatunta a Zariya, har da makarantar Wusasa, ta wuce Ingila ta karanta shari'a, ta zama lauya a Najeriya a 1967. Kekere-Ekun 'yar lauya ce, ta yi digiri a Jami'ar Legas, ta zama lauya a 1981, sannan ta je Landan ta ƙaro digiri na biyu.

Idan kika bi matakalar, kamar tagwaye suke. Kowacce ta yi majistare, ta hau Babbar Kotun jiha, ta wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara, ta isa Kotun Ƙoli. Daga zama lauya zuwa babbar kujera Aloma ta ci shekara 45, Kekere-Ekun ta ci 43. Bambancin yana ga abin da kowacce ta tarar a bakin ƙofa. Aloma duk inda ta dosa babu sawun mace a gabanta. Ita ce lauya mace ta farko daga Arewa, mace ta farko a Babbar Kotun Kano a 1977, ta farko a Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1987, ta farko a Kotun Ƙoli a 2005. Ki lura da tazarar nan ta ƙarshe: kusan shekara 18 tana Kotun Ɗaukaka Ƙara kafin a ce ta hau sama. Kekere-Ekun shekara 9 ta yi a wannan mataki, daga 2004 zuwa 2013, kuma da ta iso Kotun Ƙoli ita ce mace ta biyar. Ba wai na rage mata komai ba ne, amma wanda ya sare daji da wanda ya bi hanyar ba ƙaya ɗaya suka taka ba.

Alƙali dai da hukuncinsa ake tuna shi, kuma kowaccensu akwai shari'ar zaɓe ɗaya da ta manne wa sunanta. Ta Aloma ita ce ƙarar da Janar Muhammadu Buhari ya kai kan zaɓen 2007 da ya ba Umaru Musa 'Yar'aduwa mulki. A Disambar 2008 alƙalai bakwai suka yanke hukunci, huɗu suka tabbatar da zaɓen, uku suka ce a soke shi: George Oguntade, Walter Onnoghen da Aloma. Hujjarsu ba wani dogon turanci ba ce. Doka ta ce takardun ƙuri'a su zo da lambobi a jere, kamar rasit, don a iya bin sawun kowace takarda, su kuwa na zaɓen shugaban ƙasa ba su da lamba. Idan ba lamba, ta yaya za a san wadda aka dangwala a rumfa da wadda aka dangwala a ɗaki? Ba ra'ayinsu ne ya yi rinjaye ba, amma mace ɗaya tilo a cikin bakwai ta ce a rushe zaɓen shugaban da ke kan mulki, mutane ba su manta ba.

Ta Kekere-Ekun ita ce shari'ar gwamnan Imo. Ranar 14 ga Janairun 2020 ita ta karanta hukuncin da ya sauke Emeka Ihedioha na PDP ya ɗora Hope Uzodinma na APC, wanda a lissafin hukumar zaɓe shi ne na huɗu. Kotu ta ce an cire masa sakamakon rumfuna 388 ba bisa ƙa'ida ba, da aka mayar kuwa sai ya haye kowa. An sha surutu, har yau ma ba a daina ba. Sai dai adalci shi ne a faɗi cewa alƙalai bakwai ne suka amince baki ɗaya, a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai na lokacin, Ibrahim Tanko Muhammad. Wanda ya karanta hukunci shi ake gani, amma ba shi kaɗai ya dafa ba. Duk da haka, a idon talaka ɗaya ta shigo ofis da shaidar tsayawa, ɗaya ta shigo da tambaya a kanta.

Akwai kuma aikin da jama'a ba su cika gani ba. Alƙalin Alƙalai shi ke shugabantar majalisar kula da harkokin shari'a ta ƙasa, wato NJC, wadda ke ba da shawarar naɗa alƙalai, ita ce kuma ke ladabtar da su. A nan Aloma ta yi suna da rashin sani da sabo. Misali ɗaya ya isa. A 2013 wani babban jami'in fanshon 'yan sanda ya amsa laifi a badaƙalar biliyoyin naira, alƙali ya ba shi zaɓin ɗaurin shekara biyu ko tarar naira 750,000. Ya biya nan take ya tafi gida. Majalisar ta dakatar da alƙalin, Abubakar Talba, shekara guda ba albashi. An kuma yi wa wasu alƙalai ritayar dole a zamaninta. Ita ma Kekere-Ekun ta ɗauki tsintsiyar da wuri: a Nuwambar 2024 majalisar ta ba da shawarar yi wa Babban Jojin Imo da Babban Alƙalin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Yobe ritayar dole kan rage shekarun haihuwa.

Wani abu da ƙanenki zai so ya sani: wannan kujera ba ta da wa'adi irin na gwamna. A al'ada mafi daɗewa a Kotun Ƙoli ake ba wa, kuma tsarin mulki ya ce da alƙalin ya cika 70 sai gida. Ranar haihuwa ce ke yanke tsawon zama. Aloma ta sauka ranar 20 ga Nuwambar 2014, wato shekara biyu da wata huɗu kacal. Kekere-Ekun za ta cika 70 ranar 7 ga Mayun 2028, ke nan rabonta ya kusa shekara huɗu.

Idan ra'ayina kike so, ni Aloma nake sa wa gaba, saboda ɗan lokacin da ta samu bai hana alƙalai jin tsoron takardar koke ba. Ban ce ba ta da masu suka ba. Akwai masu cewa ta cika tsauri. Kekere-Ekun kuwa ta samu lokacin da Aloma ba ta samu ba, don haka da abin da ta yi da shi za a auna ta, ba da shari'ar Imo kaɗai ba.

Idan ƙanen naki ya ci gaba da musu, ki tambaye shi wa ya rantsar da Kekere-Ekun a matsayin alƙaliyar Kotun Ƙoli a Yulin 2013. Aloma ce, tana kan kujerar.