Kwaɗon bishiya ko ƙadangare a dogon akwatin gilashi?

Wanda ya haɗa dogon akwatin gilashi mai rassa da tsirrai a Garwa ta arewacin Kamaru, kafin ya zaɓi dabbar da zai kiwata a ciki, ya fara tuna zafin Maris da Afrilu, lokacin da awon zafi ke haura digiri 40.

Kwaɗon bishiya da fatarsa yake shan ruwa, har wani ɓangare na numfashinsa ta nan ne. Shi ya sa bushewar hunturu ke wahalar da shi ƙwarai. Sai an yi ta fesa ruwa safe da yamma, kuma ba ruwan famfo mai sinadarin kulorin ba. Da rana yana lafe a bayan ganye, ƙafafu a naɗe. Sai dare ya yi zai manna yatsunsa a gilashi ya fara kuka. Ni kukan nan na burge ni, amma mai kwana a ɗakin ya sani tun yanzu.

A dangin ƙadangare kuwa, tsaka ta fi kwaɗo haƙuri da zafi da bushewa. Gyare da ƙananan fara sun ishe ta, a riƙa barbaɗa musu garin kalsiyam. Sai dai gidaje da yawa ba sa ƙaunar ganinta. Hawainiya kuwa ban ba da shawara ba: iska mai shiga ta raga take so, ba rufaffen gilashi ba, kuma ɗigon ruwan ganye take sha.

Idan wuta na yawan ɗaukewa kuma ɗakin ba sanyi, tsaka zan zaɓa. A Ngaundere mai sanyin tudu, kwaɗo zai yi. Kada dai a haɗa su akwati ɗaya.