Taragon Igiya da Taragon Lantarki a Gadar Buruklin

Bayan buɗe gadar Buruklin ta birnin Niyok, mai haɗa yankin Buruklin da na Manhatan, a 1883, taragon da igiyar ƙarfe ke ja ne ya fara jigilar fasinjoji a kan layinsa na musamman, amma iyakarsa bakin gada, don haka tilas mutum ya sauka ya nemi wani abin hawa. Taragon lantarki, wanda ya hau gadar a 1898, ya fi shi amfani a ganina, domin yakan ɗauko mutum tun daga unguwarsa a Buruklin har Manhatan ba tare da sauyi ba, ko da yake titi ɗaya yake bi da kekunan doki. An daina amfani da igiya a 1908, na lantarki kuwa ya kai 1950.