'Yar na'urar auna caji ta USB, abin da na gani bayan na gwada ta

Gaskiya wannan 'yar na'urar ta burge ni. Wayata ce cajinta ya ƙare ƙurmus ta mutu, na jona ta a caji kusan minti goma ko ɗan haske babu, har na fara tunanin batir ne ya tafi. Sai na sa na'urar tsakanin kan caja da kebul, ta nuna volt 5 amma amp 0.00, ma'ana wuta na zuwa amma wayar ba ta ja. Na duba ramin caji ashe ƙura ce ta toshe shi, na share a hankali da tsinken sakace, nan take lambar ta motsa kaɗan.

To a nan ne ta fi min amfani wallahi, domin batirin lithium in ya sauka ƙasa da wajen volt 3 waya kaɗan-kaɗan take jan wuta tukuna kuma allo ba ya nuna komai, da ba don lambobin ba da na cire na haƙura. Bayan kusan rabin awa ta haura amp 1, na danne maɓallin kunnawa da na rage sauti tare, waya ta tashi.

Matsalarta kawai rubutun allon ƙanana ne sosai, kuma ba ta nuna lafiyar batir.