Na'urar bibiyar da na saya wa Autanmu don gasar Ostireliya

Tauraro biyu na ba kamfanin na'urar a wannan sharhi, kuma da a ranar da abin ya faru na zauna yin rubutun nan, ko ɗaya ba za su samu ba.

Autanmu yana karatun aikin gona a Ostireliya. A can ya koyi tashi da fiffiken nan marar inji, wanda mutum ke rataye a ƙarƙashinsa rub-da-ciki yana sarrafa shi da nauyin jikinsa. Da ya ce zai shiga gasar dogon zango da ake yi a garin Forbes cikin watan Janairu, Inna ta ce ba da yawunta ba. Abin da ya sa ta haƙura shi ne alkawarin da na yi mata cewa duk inda yake za ta gan shi a wayata. Ni na sayi na'urar, ni na yi rajistar kuɗin wata, aka kai masa can. 'Yar ƙarama ce, da tauraron ɗan'adam take aiki, ba ruwanta da sabis ɗin waya, kuma duk minti 10 takan ajiye ɗigo a taswira.

Forbes fili ne, babu dutsen da za a diro daga kansa, don haka ƙaramin jirgi ke jan su da igiya ya sake su a sama. Daga nan sai neman iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa, su yi ta kewayawa a cikinta kamar yadda shirwa ke yi da tsakar rana, har su yi sama su miƙe. Kowace safiya ana yanka musu hanya, kilomita 150 ko 200, wani lokaci fiye, da wuraren da tilas su taɓa. Wanda iska ta ƙare masa sai ya sauka a gonar alkama ko makiyayar tumaki, ya jira motar ɗauko. Wurin ba na 'yan koyo ba ne, a nan aka yi gasar duniya ta 2013 da Manfred Ruhmer ɗan Ostiriya ya lashe.

Awa 10 suke gabanmu a wannan lokaci na shekara, saboda haka sanda suke tashi muna barci. Ana idar da sallar asuba a ƙauyenmu da ke bayan Ringim nakan shiga ɗakin Inna, ga kasko da garwashi saboda sanyin hunturu, mu buɗe taswira. Da farko komai daidai. Har ta gane cewa in ɗigo ya taru wuri guda yana hawa ne, in ya yi layi ya miƙe.

Ranar kuwa wajen ƙarfe shida ɗigon ya tsaya. Minti 10 ya wuce, 20, rabin awa. Na ɗauka sabis ɗinmu ne, na fita na hau tudun bayan makaranta inda ya fi kamawa, na sake saka data, ba canji. Ɗigon yana nan a tsakiyar wani daji, kuma tsayin ƙarshe da ya nuna sama yake ƙwarai, ba mai shirin sauka ba. Na kira wayarsa ba ta shiga. Da na koma Inna ta dube ni ta ce, “Babba, kada ka ɓoye mini, ya faɗo ko?” Na ce, “Inna, ki yi haƙuri, wataƙila na'urar ce.” Ni kaina ban yarda da abin da na faɗa ba. Kafin hantsi gidan ya cika, wasu na salati, Baffa ya fara cewa a nemi lambar ofishin jakadanci. Inna mai hawan jini ce, sai da muka ɗauko ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi ya auna ta.

Sai wajen ƙarfe tara Auta ya kira, lafiyarsa ƙalau. Ya sauka kafin ya kai ƙarshen zango, ya danna maɓallin da ke aika saƙon “ina lafiya”, ya zauna a inuwa yana ganin mun samu. Direban ɗauko ma ya rasa shi a taswira, da rediyon hannu suka nemo juna.

Dalili? Kuɗin wata. Ranar ce ta sabuntawa, sun gwada cira daga katin dala na intanet da na yi rajista da shi, katin ya ƙi ko da yake akwai kuɗi a ciki, sai suka yanke nan take. Sha biyun dare a agogonsu na gabashin Amurka, shida na safe a wurinmu, huɗu na yamma a wurinsa, yana sama. Saƙon gargaɗin ya shigo imel ɗina ne bayan sun riga sun yanke.

Ita dai na'urar ba ni da abin cewa a kanta. Batirinta na jure zafin can da kan haura digiri 40, kuma da Auta ya kwatanta ɗigonta da abin da na'urar gasar ta ɗauka, sun yi daidai. Bayan an sake biya ba ta ƙara tsayawa ba har aka tashi gasar. Da don wannan ne kawai, tauraro huɗu zan bayar.

Amma duk sanda na tuna maɓallin neman agajin gaggawa sai raina ya sake ɓaci. Da a ce faɗowar ya yi fa, ya danna? Na rubuta musu wannan tambaya da kalmomi masu sauƙi, sai aka turo mini amsar inji da adireshin shafin dokokinsu. Kamfanin da ke sayar da kayan ceton rai bai iya ɗaga wa mutum ƙafa ko na kwana biyu ba, ko ya duba ya ga na'urar tana tafiya a sararin sama kafin ya kashe ta? Kuma sai da suka caje ni kuɗin sake kunnawa.

Wanda zai saya daga nan gida, kada ya jingina da katin wata-wata. Ya biya na shekara in yana da hali, ko ya sa wanda ke can ya biya daga asusunsa, kuma ya duba ranar sabuntawa kafin ranar gasa. Mu yanzu Auta ke biya. Kuɗin sake kunnawar kuwa na nemi su mayar mini, har yau shiru.