Sharhi kan aikin cire ƙahon awaki da aka yi mini a Legas

Ina kiwon awaki a wani ɗan fili da ke gefen Ikorodu, yawancinsu jajayen awakin Sakkwato da na sayo a kasuwar dabbobi ta Alaba Rago, kuma abin da ya sa na nemi likitan dabbobi shi ne tunkuyin da bunsuruna ya yi wa wata akuya mai ciki har ta yi ɓari. A ƙuntataccen wuri irin namu na Legas, inda dabba ba ta da wurin gudu, ƙaho makami ne.

Aikin da likitan ya yi wa ƙananan awakin ya burge ni, ba zan ɓoye ba. 'Yan awaki huɗu ne da ba su wuce kwana bakwai da haihuwa ba. Ya aske gashin wurin, ya yi musu allurar kashe zafi, sannan ya ɗora ƙarfe mai zafi a kan tsiron ƙahon na 'yan daƙiƙoƙi kaɗan, domin ƙoƙon kan ɗan akuya ba shi da kauri kuma ƙwaƙwalwa na nan kusa. Kafin ya gama wanke hannu sun koma suna tsotson nono. A lokacin har na yi niyyar ba makwabta lambarsa.

Sai ya dubi bunsurun ya ce, "Alhaji, ai shi ne mai laifin, a yanke nasa ma." Na amince, kuma nan ne na yi kuskure, amma shi da ya san aikin ya kamata ya faɗa mini cewa ƙahon babban bunsuru ba kamar farce ba ne. Cikinsa ƙashi ne mai jijiyoyin jini, kuma kogonsa a haɗe yake da kogon goshi. Da ya gama yankawa da wayar ƙarfe, jini ya yi ta tsartuwa har kan rigata, aka bar rami biyu a kan dabbar, idan ya yi numfashi ana jin iska tana fita ta nan. Damina ce kuwa, ƙudaje ko'ina. A kwana na biyar na kwance bandejin na tarar da tsutsotsi, na kira wayarsa sau shida bai ɗauka ba. Kusan wata biyu muka yi muna wanke ciwo, bunsurun ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa.

Da na kai shi kasuwa gab da Babbar Sallah, masu saye suka riƙa tsallake shi, ko da yake malamanmu sun ce karyayyen ƙahon da ya warke ba ya hana layya. Mutumin Legas yana son ya ga ƙaho a kan abin da ya biya kuɗi.

Ko ƙananan da na yaba, ɗaya daga cikin mazan ya sake fitar da wani karkataccen ƙaho mai lanƙwasowa wajen idonsa, alamar ƙarfen bai ƙone tushen duka ba. Yanzu na raba garken da katanga, na ɗaure masu faɗa a turke daban, sauran manyan kuma na bar musu ƙahonsu.