Gyara tsohuwar hanyar Kumasi ko yanka sabuwa?

Jama'a wannan maganar hanyar Accra zuwa Kumasi ta dame ni wallahi. Tsohuwar, wato N6, kusan kilomita 250 ce, amma in ka hau bas ɗin VIP daga tashar Circle a Accra sai ka yi awa biyar ko shida, don duk tirelolin da suka ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema za su Burkina da Nijar nan suke bi, ga ofatekin a hannu ɗaya, rayuka nawa suka tafi tsakanin Anyinam da Konongo. An fara baipas, wato hanyar kewaye gari, a Osino, Anyinam, Enyiresi da Konongo, in aka gama su an rage wahala da kuɗi kaɗan, kuma masu sayar da burodi a bakin hanya ba za su rasa ciniki duka ba.

Ita kuma sabuwar ekspres ɗin da gwamnatin Mahama ta yi alkawari, gajera ce, ba shiga gari, amma kuɗi ne masu yawa, ga biyan diyyar gonaki, ga jira.

Ni dai a fara gama baipas ɗin nan tukuna, kuɗin talakawa ne aka riga aka zuba. Sannan a yi sabuwar da ƙarko kamar babbar hanyar Accra zuwa Tema (motowe) da Nkrumah ya gina, tun 1965 muke hawanta.