Gauraka a Bangon Katsina: Fenti ko Zayyanar Magina?

Tun shekarar 2014 masu zane a unguwar Harlem ta birnin Niyok suke zana tsuntsaye a bangaye da ƙofofin shaguna, bayan ƙungiyar Audubon mai kare tsuntsaye ta bayyana cewa sauyin yanayi yana barazana ga nau'o'i 314 na tsuntsayen Arewacin Amurka. Mu ma a Katsina muna da namu abin kuka, domin gauraka ta yi wuyar gani tun da fadamu suka fara ƙafewa, shamuwa kuma da damina take tafe, ga damina ta rikice.

Idan za a zana su, fenti shi ne hanya mafi sauri da araha. Shi kaɗai zai iya fito da tukkun gauraka mai ruwan zinariya da jan kumatunta, har yaron da bai taɓa ganinta ba ya tsaya a bakin titin Ƙofar Ƙaura yana tambaya. Sai dai rana da ƙurar hunturu suna kashe launi da wuri, kuma akwai maigidan da ba zai yarda da hoton mai rai a katangarsa ba.

Zayyanar magina, wadda ake fitarwa da yatsa da wuƙa tun yaɓe yana ɗanye, ta fi kwanta mini a rai. Magini ya saba da dagi da layuka masu sarƙaƙiya, saboda haka zai iya nuna fiffike ko sawun shamuwa ba tare da cikakkiyar sura ba. Tana cin lokaci da kuɗi, ƙwararrun maginan kuma sun yi ƙaranci.